Me ya haɗa aman wutar dutse da mulkin mallaka? Abin da masu fasaha ke tonowa

A 'yan shekarun nan duk mai bibiyar labaran gidajen tarihi na Turai zai lura da wani abu, sai ka ji an buɗe baje koli wai a kan dutsen da ya yi aman wuta shekara ɗari ko ɗari biyu da suka wuce, amma da ka fara karanta bayanin sai ka tarar rabin maganar a kan bayi ne da gonakin rake da gwamnonin Turawa. Abin yana ɗaure wa mutane kai, kuma da gaskiyarsu. Ai ba Bature ne ya hura wutar da ke cikin ƙasa ba, to me ya kawo shi cikin zancen? Sannan me ya kai mai zane ko mai ɗaukar fim aikin da aka san na masana kimiyya ne da malaman tarihi?

Amsar a taƙaice ita ce dutse kam ba ya zaɓen wanda zai kashe, amma wanda ya zauna a gindinsa, da wanda aka ƙirga a cikin mamata, da wanda aka rubuta sunansa, da wanda aka ba tallafi bayan komai ya lafa, duk wannan mutane ne suka tsara shi, kuma a wurare da yawa masu tsarawar 'yan mulkin mallaka ne.

Kalmomin tukuna

Aman wuta shi ne lokacin da narkakken dutse da toka da iska mai zafi suka ɓallo daga cikin ƙasa. Mutane sun fi sanin jan ruwan dutsen nan da ake nunawa a talabijin yana gangarowa a hankali, alhali ba shi ne ya fi kisa ba. Abin da ya fi kisa shi ne gajimaren toka da iska mai ƙuna da ke gangarowa da gudun da ya fi na mota, sai igiyar ruwa ta tsunami idan dutsen yana bakin teku, sai kuma yunwa da cuta bayan toka ta binne gonaki ta ɓata rijiyoyi. Idan aman ya yi girma sosai hayaƙin farar wuta yakan haye can saman samaniya ya zama wani siririn lulluɓi da ke tare hasken rana, duniya ta ɗan yi sanyi na shekara ɗaya zuwa uku, faɗuwar rana kuma ta riƙa yin ja jawur har a ƙasashen da ba su ma ji labarin dutsen ba.

Shi kuma bincike ta hanyar fasaha ya sha bamban da a ba mai zane labari a ce ya zana. A nan mai fasahar shi da kansa ke shiga ma'ajiyar tsofaffin takardu, ya je wurin da abin ya faru, ya ɗebo toka, ya naɗi muryar tsofaffi, ya jera hoton da aka ɗauka a da kusa da na yau, sakamakon bincikensa kuma ya fito a matsayin fim ko zane ko sauti ko wasan kwaikwayo maimakon littafi. Akwai jami'o'i a Turai da ke ba da digirin digirgir a wannan fanni. Takardun da ake tonowa kuwa galibi rahotannin gwamnoni ne, da wasiƙun masu gonaki, da littattafan kyaftin-kyaftin na jiragen ruwa, wato dai abin da masu mulki suka ga ya cancanci a ajiye.

Zanen da babu mutanensa

Misalin da ya fi saurin fito da abin fili yana Liverpool, a gidan adana zane na jami'ar garin. Zane ne na J.M.W. Turner, shahararren mai zanen nan na Ingila, a kan aman dutsen Soufrière na tsibirin Sent Binsent da ke yankin Karibiyan, daren 30 ga Afrilu 1812. Idan ka tsaya gabansa duhu ne ya cinye kusan komai, wuta na tashi daga kan dutsen, duwatsu masu ci da wuta na tarwatsewa a sama, haskensu na kwanciya a kan ruwa. Turner bai taɓa taka tsibirin ba. Ya yi aikin ne daga wani ɗan zane da Hugh Keane ya yi a wurin, shi kuma Keane lauya ne mai gonar rake da bayi. An nuna zanen a Landan a 1815.

To su wa suka mutu a daren? Mafi yawansu bayi ne 'yan Afirka da ke aiki a gonakin raken da ke gefen dutsen. Gonakin nan kuma sababbi ne a lokacin, domin ƙasar ta mutanen Karib ce, ainihin 'yan tsibirin, waɗanda Ingila ta ci da yaƙi tsakanin 1795 da 1797 ta kwashe kusan dubu 5 daga cikinsu ta jibge a wani ɗan tsibiri mai suna Baliceaux, inda da yawa suka mutu, sauran aka wuce da su Roatán ta wajen Honduras. Da aka zo maganar tallafi daga Landan, masu gonaki ne suka rubuta koke, su ne aka lissafa wa asara, bawan da ya mutu kuma a cikin lissafin dukiya ya shiga.

Shekara 90 bayan haka, ranar 7 ga Mayu 1902, dutsen ya sake tashi ya kashe kimanin mutum 1,600, kuma dai leburorin gona ne da ragowar Karib ɗin da aka matsa zuwa arewacin tsibirin. Wannan shi ne irin abin da mai bincike ta hanyar fasaha ke yi da zane kamar na Turner, ba ya cewa zanen ba shi da kyau, tambayarsa ita ce daga ina mai kallon yake tsaye, kuma su wa ke cikin duhun da ba a zana ba.

Tambora: masarauta ta tafi, kalmomi ƙasa da hamsin suka rage

Aman wuta mafi girma da aka rubuta labarinsa a tarihi shi ne na Tambora, a tsibirin Sumbawa na Indonesiya ta yau, wanda ya kai ƙololuwa ranar 10 ga Afrilu 1815. Dutsen da ake ƙiyasin tsawonsa ya kai mita 4,300 ya dawo kimanin 2,850. A lokacin Ingila ce ke riƙe da tsibirin Jawa da ke yammacin Sumbawa, ta karɓe daga hannun Holan a 1811, Stamford Raffles ne gwamna. Da aka fara jin ƙarar a Jawa sojoji sun ɗauka igwa ce, har aka tura dakaru neman abokan gaba.

Masarautu biyu, Tambora da Pekat, sun shafe gaba ɗaya. Kimanin mutum dubu 10 ne suka mutu nan take, sannan yunwa da cuta suka kashe wasu dubbai masu yawa a Sumbawa da Lombok, ƙiyasin masana na jimillar yana kamawa daga dubu 70 zuwa sama da dubu 90, wannan tazarar kanta tana nuna ba wanda ya ƙirga. Raffles ya tura wani hafsa, Owen Phillips, da shinkafa, kuma a wajensa ne aka samu bayanin Sarkin Sanggar, wata masarauta da ke kusa da dutsen, wanda ya ga abin da idonsa ya kuma rasa 'yarsa a yunwar da ta biyo baya. Harshen mutanen Tambora ya mutu tare da su. Abin da ya rage kawai jerin kalmomi ne da ba su kai hamsin ba da aka buga a littafin Raffles kan tarihin Jawa a 1817, kuma da masana harshe suka duba sai suka ga bai yi kama da harsunan maƙwabta ba ko kaɗan.

Yanzu duba yadda duniya ta riƙe labarin. Abin da aka fi sani shi ne 1816, shekarar da Turawa ke kira shekarar da ba ta da bazara, amfanin gona ya lalace a Turai da arewa maso gabashin Amurka, ruwan sama ya tsare marubuciyar Ingila Mary Shelley da abokanta a gida a bakin tafkin Janeba har ta fara rubuta littafinta Frankenstein. An yi littattafai da fina-finai a kan wannan ba adadi. Su kuwa mutanen Sumbawa layi biyu suke samu a farkon labari sai a wuce. Alhali suna da nasu rubutun, kundin fadar Sarkin Bima da ke gabashin tsibirin ya ambaci ruwan tokar, akwai kuma doguwar waƙa ta Malay da wani malamin Bima ya rubuta shekaru kaɗan bayan haka. A 2004 masu haƙa ƙarƙashin jagorancin Haraldur Sigurdsson sun tono wani gida da toka ta binne da gawawwakin masu shi da tukwanensu, irin waɗannan kayan ne masu fasaha ke komawa gare su don labarin ya fara daga Sumbawa.

Krakatowa da wayar tangaraho

Na Krakatowa daban ne, domin ya zo lokacin da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku ta riga ta haɗa daulolin Turai da ƙasashen da suke mulka. Dutsen ya fashe ranar 27 ga Agusta 1883 a mashigin da ke tsakanin Jawa da Sumatra, an ji ƙarar har tsibirin Rodrigues mai nisan kusan kilomita 4,800, labari kuma ya isa Landan cikin kwana guda. Hukumar Holan da ke mulkin yankin a lokacin ta ce mutum 36,417 suka mutu, galibi tsunami ce ta cinye su, Turawan cikinsu ba su kai hamsin ba.

A Landan wani mai zane, William Ascroft, ya riƙa zama a bakin kogin Thames kullum da yamma yana zana jan samaniya yana rubuta lokaci a jiki, har ya tara sama da 500, wasu suka shiga babban rahoton da ƙungiyar masana ta Royal Society ta fitar a 1888. Holan ma ta fitar da nata rahoton ta hannun injiniya Verbeek. Duk aiki ne mai kyau da har yau ake amfani da shi. Amma a daidai wannan lokacin wani mutum mai suna Muhammad Saleh ya rubuta doguwar waƙa da Malay a haruffan Larabci, kamar dai ajaminmu, a kan nutsewar yankin Lampung na kudancin Sumatra, aka buga ta a Singafo cikin watanni kaɗan, tana bayanin gawawwaki da masu neman 'yan uwansu da masu taimako da masu wawure kayan mutane. Waƙar ta shafe sama da shekara ɗari ba mai kula ta sai da wani masani ɗan Indonesiya da ke jami'ar Leiden ta Holan, Suryadi, ya bi kwafe-kwafenta a ɗakunan karatu na ƙasashe daban-daban ya dawo da ita.

Shekara biyar bayan aman, a 1888, manoman yankin Banten na yammacin Jawa suka yi bore a garin Cilegon ƙarƙashin malamai, da yawansu 'yan ɗariƙar Ƙadiriyya. Wasu marubuta suna jingina boren kai tsaye ga dutsen. Masanin tarihin Indonesiya Sartono Kartodirdjo, wanda ya yi babban nazari a kai, ya fi ba da ƙarfi ga haraji da annobar shanu da zazzaɓi da farfaɗowar addini, dutsen yana ɗaya ne daga cikin nauyin da ya taru a kan mutane.

Kusa da gida

A Kamaru ma akwai irin wannan. Jamusawa sun mayar da Buea da ke jikin Dutsen Kamaru hedikwatarsu saboda sanyin wurin, bayan sun murƙushe turjiyar mutanen Bakweri a shekarun 1890 sun ƙwace ƙasarsu mai albarka, wadda tokar dutsen ce ta sa ta albarka, suka yi manyan gonaki. Da dutsen ya motsa a 1909 hukuma ta kwashe nata ya nata ta koma Duwala na ɗan lokaci, wannan ƙaura ita ce abin da littattafai suka fi riƙewa. Gonakin daga baya suka koma hannun kamfanin gwamnati na CDC a 1947, kuma har yau Bakweri suna neman ƙasarsu.

Inda ake saɓani

Masana kimiyya ba su ƙi zane ba, har ma suna amfani da shi. Christos Zerefos na ƙasar Girka da abokan aikinsa sun auna yawan ja da kore a ɗaruruwan zanen faɗuwar rana na tsakanin 1500 da 1900, suka fitar da sakamako a 2007 cewa ja yana ƙaruwa a shekarun da suka biyo bayan manyan aman wuta. Don su gwada hanyar sai suka sa wani mai zane, Panayiotis Tetsis, ya zana faɗuwar rana a tsibirin Hydra a 2010 lokacin da ƙurar Sahara ta ratso, launukansa kuma suka dace da abin da na'ura ta auna. Duk wanda ya san yadda rana ke komawa da yamma a lokacin hazo ya fahimci abin ba sai an yi dogon bayani ba. Masu suka suna cewa fenti yana sauya launi da tsufa, kuma mai zane ba kyamara ba ne, yana iya ƙara ja don ransa ya so. Haka ake ta jayayya a kan jan samaniyar zanen nan na mutum mai ihu da Edvard Munch ɗan Norway ya yi, wasu masana taurari na Amurka sun ce tunanin Krakatowa ne, wasu sun ce wani nau'in gajimare ne na ƙasashen sanyi, masana zane da yawa kuma sun ce halin da zuciyar mutumin ke ciki ne kawai, tunda sai 1893 ya yi zanen.

Malaman tarihi damuwarsu wata ce, cewa labari mai daɗi yana saurin danne hujja. Misalin da suke kawowa shi ne Saint-Pierre na tsibirin Martinik da Faransa ke mulka, inda dutsen Pelée ya kashe kimanin mutum dubu 28 cikin mintuna a safiyar 8 ga Mayu 1902. An daɗe ana cewa gwamna Louis Mouttet ya hana mutane guduwa saboda zagaye na biyu na zaɓe da za a yi ranar 11 ga wata. Labarin ya dace da abin da mutum ke tsammani daga gwamnan mulkin mallaka, amma masu binciken baya-bayan nan da yawa suna ganin an ƙara masa gishiri, a lokacin ba wanda ya san irin wannan gajimaren wuta, shi kansa Mouttet da matarsa a garin suka mutu. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne makomar Ludger Sylbaris, baƙar fatan da ya tsira saboda yana kulle a kurkuku mai kaurin bango, wanda kamfanin wasannin Barnum da Bailey ya riƙa yawo da shi a Amurka ana biya a kalli tabon ƙunarsa.

Sai kuma ƙorafin mutanen wuraren da kansu, wanda a ganina shi ya fi nauyi. Kuɗin yawancin ayyukan nan daga Turai yake fitowa, a Turai ake nuna su, takardun ma a Landan da Leiden da Faris suke. Mai fasaha ya zo Sumbawa ko Sent Binsent na sati uku, ya naɗi muryar tsohuwa, ya ɗebi toka, ya koma ya yi suna, to da me ya bambanta da waɗanda yake suka? Masu kare fannin suna amsawa da cewa wannan gaskiya ne a wasu ayyukan, amma inda takarda ta yi shiru dole a nemi wata hanya, kuma waƙa da hoto suna kaiwa inda rahoton jami'a ba ya kaiwa. Suna kuma tunatarwa cewa 'yan ƙasa sun daɗe suna wannan aikin, Raden Saleh na Jawa ya zana dutsen Merapi yana aman wuta, da rana da kuma da dare, tun 1865.

Me talaka zai samu?

Abu na farko shi ne matsin lamba a buɗe ma'ajiyoyi a dawo da kaya. A 2023 Holan ta amince ta mayar wa Indonesiya ɗaruruwan kayan tarihi, cikinsu har da dukiyar fadar Lombok da sojojinta suka kwashe a 1894. Ba masu fasaha kaɗai suka jawo wannan ba, amma suna cikin waɗanda suka hana maganar mutuwa.

Na biyu ya shafi yadda ake ɗaukar mutane idan bala'i ya zo, domin tsarin bai ƙare ba. Montserrat, wani tsibiri a Karibiyan, har yau ƙarƙashin Birtaniya take. Bayan dutsenta ya farka a Yuli 1995 babban birnin Plymouth ya binne a toka a shekarun da suka biyo baya, kusan kashi biyu cikin uku na jama'a suka bar tsibirin, mutum 19 suka mutu ranar 25 ga Yuni 1997, wasunsu manoma ne da suka koma gonakinsu a yankin da aka hana shiga saboda wuraren da aka tsugunar da su sun cika maƙil. Da shugabannin tsibirin suka nemi ƙarin taimako, ministar Birtaniya Clare Short ta yi maganar nan cewa nan gaba giwayen zinariya za su nema, maganar da har yanzu ba a manta ba a can.

Na uku shi ne shiri. Mutum ya fi yarda ya bar gidansa idan gargaɗin ya zo da sunan ƙauyensa da labarin kakarsa, shi ya sa masu sa ido kan duwatsu a Karibiyan suke amfani da tsofaffin hotuna da gajerun fina-finai na waɗanda suka ga aman baya. Da Soufrière ɗin da Turner ya zana ya sake tashi ranar 9 ga Afrilu 2021, cibiyar binciken girgizar ƙasa ta Jami'ar West Indies ce ke sa ido, ɗaya daga cikin jagororin aikin kuma ɗan tsibirin ne, Richard Robertson. An ba da umarnin kwashe mutane kwana ɗaya kafin fashewar, kusan dubu 20 suka bar arewacin tsibirin, kuma aman bai kashe kowa kai tsaye ba. Ƙauyukan da aka kwashe irin su Sandy Bay da Owia da Fancy su ne dai inda jikokin Karib ɗin nan ke zaune, kuma da toka ta lafa can suka koma, domin nan ne gonakinsu suke.